Zauren Iyaye: Yarona ya kusa shekara uku bai fara magana ba, surukata ta ce iska ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana, daga Aboabo nake a Kumasi. Yarona ya kusa shekara uku har yau ko Mma bai taɓa cewa ba, in na kira sunanshi ko waiwayowa baya yi amma da an sa wani talla a talabijin zai sheƙo da gudu daga ɗaki, kinga ai ba kurma bane. Baya wasa da yaran gidanmu, aikinshi kenan jera murafen kwalba a layi, in wani ya taɓa ɗaya sai ihu da buga kai a ƙasa. Abinci in ba koko da burodi ba baya ci. Na sa shi a makarantar renon yara sati biyu suka ce in zo in ɗauke shi wai yana damun sauran. Surukata ta ce iska ce dan na riƙa fita da magariba ina da cikinshi, mun yi rubutu mun yi hayaƙi, maigida kuma ya ce shima bai yi magana da wuri ba in ƙyale shi. Wata nas a wajen awo ta ce kila otizim ne. Wallahi bana barci, ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki lada. Kafin komai ki cire wa ranki cewa ke kika jawo mishi. Fitar magariba bata sa otizim, haka allurar rigakafi, haka cakuɗa mishi Hausa da Twi da Turanci da muke yi a zango. Shi otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma tun yana ciki, yana shafar magana da mu'amala da mutane, gado na da babban hannu a ciki, kuma an fi ganinshi a yara maza. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100, toh ki lissafa yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zango kawai ki gani, muna da su da yawa, a ɗaki ake kulle su saboda bakin mutane shi yasa kike ganin kamar ke kaɗai ce.

Ba a yanke wa yaro hukunci ta wasiƙa, sai likita ya gan shi. Amma abubuwan da kika lissafa sun isa a ce ki tashi yanzu, kuma nas ɗin nan ta yi miki alheri. Maganar maigida akwai gaskiya a ciki, wasu yaran suna jinkirin baki su zo su yi magana garau. Sai dai shi mai jinkirin baki kawai zaki ga yana kallon idonki, yana nuna miki jirgi a sama da yatsa dan ke ma ki gani, yana kawo miki abin wasanshi, in kin kira shi ya juyo. Rashin waɗannan ne yafi damun likitoci fiye da rashin maganar ma. Yaron da ya kai wata 18 baya nuni da yatsa, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, dubawa ake yi ba jira ba.

Ki fara da asibitin da kike zuwa, Manhyia ne ko wani, ki riƙe katin inshora da littafin awo, ki ce kina so a rubuta miki takardar turawa zuwa ɓangaren yara na babban asibitin Komfo Anokye. Za su so a gwada kunnenshi tukun, kar ki ce ai yana jin talabijin, yaro na iya jin wani sauti ya kasa jin wani, kuma gwajin baya ciwo. Shi otizim ba a ganinshi a jini ko a hoton kai. Zama za a yi da ke a yi ta tambayoyi, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, ya taɓa faɗin wata kalma ya daina, yana suma ko farfaɗiya, ya barcinshi, sannan a ba shi kayan wasa a zuba ido a ga yadda yake yi da su da mutanen ɗakin. Wani lokaci sai an koma fiye da sau ɗaya kafin a faɗa miki sakamako, kar ki gaji.

Ga dabarar da nake so ki riƙe da kyau. Yaro a gaban likita ba lallai ya yi abin da yake yi a gida ba, wani ma kuka zai yi ta yi har a fito. Toh ki ɗau bidiyo a wayarki, gajeru gajeru, lokacin da yake jera murafen nan, lokacin da kike kiran sunanshi daga bayanshi, lokacin da ranshi ya ɓaci da abin da ya faru kafin nan. Kuma dan girman Allah ki lallaɓa maigida ya raka ki, abin da ya ji da kunnenshi daga bakin likita shi zai iya kaiwa wajen Hajiya surukarki, ke in kin faɗa za a ce kin raina ta. Addu'a kuwa kar ki fasa, ki yi mishi tofi safe da yamma, amma hayaƙin nan a bari saboda ƙirjinshi, kuma duk wanda ya ce a ɗaure shi ko a dake shi dan a fitar da iska ki ɗauki ɗanki ki bar wajen. Haka masu tallar magani a WhatsApp wai yana warkar da otizim, ba wani ƙwaya ko jiƙo da ke yin haka, sidinki kawai za su ci.

Abin da ke taimakawa koyarwa ce, kuma gwargwadon yadda aka fara da wuri gwargwadon yadda ake ganin amfani. Ki roƙi a haɗa ki da mai koyar da magana, amma kafin layi ya zo kanki ki fara a gida. Zauna a ƙasa kusa da shi ki ɗau naki murfin ki jera tare da shi, kar ki ƙwace nashi. Riƙe kofin koko kusa da fuskarki ki ce "koko" ki ɗan dakata, ko kallonki ya yi ko ya miƙo hannu ki ba shi da murna. Kalma ɗaya ko biyu, ba dogon zance ba. Ki rage mishi waya da talabijin, ki sa lokacin wanka da ci da barci ya zama ɗaya kullum dan canji na rikita su. In ya fara buga kai ki sa matashi ki rage hayaniya, ba rashin kunya yake yi ba, abin ne ya mishi yawa kuma ba bakin faɗa.

Batun makaranta ya ɓata min rai gaskiya. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, wato doka ta 715, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda larurarshi sai in hukuma ta duba shi ta ga makaranta ta musamman ce ta dace da shi, kuma tun 2015 Ghana na da tsarin karantar da irin waɗannan yara tare da sauran. In takardar likita ta fito ki kai ofishin ilimi da na jin daɗin jama'a a Asokore Mampong, ki yi mishi rajista, ki tambayi tallafin da asambile, wato majalisar gunduma, ke warewa masu larura daga kuɗin gundumomi.

Ranar asibiti ki fita da sassafe kafin kasuwar Kejetia ta cika, ki sa murafen nan da burodinshi a jaka saboda zaman layi. In kun dawo ki sake rubuto mana abin da suka ce mu ɗora daga nan, Allah ya buɗe bakinshi ya raya miki shi.