Shin mutum zai iya shekara 210 a daskare ya farka lafiya?

Tambaya: Malam, a wasan kwamfuta na Fallout 4 an daskarar da jarumin a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a shekarar 2077, bai fito ba sai 2287, kuma ya fito garau da ƙafarsa. Shin wannan yana da tushe a kimiyya?

Amsa: Yawan shekarun ba shi ne ya fi wuyar gaskatawa ba. A sanyin ruwan naitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifili, ayyukan ƙwayoyin jiki suna tsayawa cak, shi ya sa a 2025 aka haifi jariri a jihar Ohio ta Amurka daga ɗan tayin da aka daskarar tun 1994.

Wahalar tana wajen daskarwa da narkarwa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kuma idan ruwan nan ya zama ƙanƙara, tsinin ƙanƙarar yakan yayyaga ƙwayoyin jiki da ƙananan jijiyoyin jini. Ɗan tayi bai wuce ɗigon biro ba, don haka maganin hana ƙanƙara yana ratsa shi nan take. A jikin babban mutum kuwa, maganin yana da guba idan ya yi yawa, kuma idan waje ya riga ciki ɗumi, sai gaɓoɓi su tsage. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun dasa wa ɓeraye ƙodar da aka ajiye a daskare har kwana 100, ta kuma yi aiki. Wannan babbar nasara ce, amma ƙodar ɓera ce. Tun James Bedford, wanda aka daskarar da gawarsa a 1967 da fatan a farfaɗo da shi wata rana, ba a taɓa farfaɗo da ko mutum ɗaya ba.

A matsayina na mai harkar na'urori, abin da ya fi ba ni shakka shi ne injin daskarwar kansa. Tankunan ajiye gawa na yau sai an riƙa ƙara musu naitirojin a kai a kai, kuma na'urar da za ta yi ƙarni biyu ba ma'aikaci, ba kayan gyara, ba mu da irinta. Ko kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977, ana ta kashe wasu na'urorinsa saboda wutarsa tana raguwa kowace shekara.