Tambayi Likita: Iskar oksijin da ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi

Tambaya: Likita, na ji an ce ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera tana fara ginuwa cikin ƙarancin oksijin. Wannan ba illa ba ce?

Amsa: A farkon ciki haka tsarin yake. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, kuma sai wajen kwana na 10 jijiyoyin jini ke fara kutsawa cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin halitta suna gane yawan iskar ta hanyar wani furotin mai suna HIF-1α. In oksijin ya wadata, sinadaran PHD sukan yi masa tambari, wani furotin mai suna VHL ya miƙa shi a rusa cikin 'yan mintoci. In oksijin ya yi ƙasa, sai HIF ya taru, ya kunna VEGF mai janyo jijiyoyin jini. Muddin HIF yana da yawa, ƙwayoyin asali, waɗanda ƙwaƙwalwa ke ginuwa daga gare su, ninka kansu kawai suke yi. Da jini ya iso, HIF ya ragu, sai su fara rikiɗa zuwa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Gano wannan ma'auni ne ya ba masana Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

Tambaya: In aka cire HIF-1α ɗin fa?

Amsa: Ɗan tayin da ba shi da HIF-1α kwata-kwata yakan mutu wajen kwana na 10 zuwa 11, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa bai rufe daidai ba, zuciya da jijiyoyi a lalace. In a ƙwaƙwalwa kaɗai aka cire, ana haihuwar ɓeran, amma ruwa ya taru a kansa, ƙwayoyi sun ragu. Daɗewar HIF yana aiki ma matsala ce: jariran ɓerayen da aka rena cikin oksijin kashi 10, maimakon 21 na iskar da muke shaƙa, ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu da farin rufi sukan makara wajen girma.

Tambaya: Ina da juna biyu wata huɗu. Ko in nemi ƙarin oksijin?

Amsa: A'a, Malama, ba kya bukata. Ɓera ma ba mutum ba ne, kada a ɗauki nasa a ɗora miki kai tsaye. Ki kula da abin da ke tauye iskar da ke isa mabiyiya: ƙarancin jini, hawan jini, taba, da hayaƙi a rufaffen ɗaki. A auna jininki wajen awo, ki sha maganin ƙarin jini yadda aka rubuta. Ko bakwaini ma ba a kwarara masa oksijin, ana riƙe ma'auninsa a jini tsakanin kashi 90 da 95, domin yawansa yana ɓata jijiyoyin ido.