Wuri nawa ake kai baƙo a wuni ɗaya?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na soke fiye da rabin wuraren da ka jera wa baƙin da za ka zaga da su gari, alhali sun biya kuɗin wuni guda cur, kana tsoron kada su ce an tauye musu haƙƙi. To yarona, saurara da kyau.

Jerin naka ba shi da aibu in da taswira ce za ta yi yawon. Amma mutane ne za su yi shi, da ƙafafunsu. Lafiyayyen mutum shi kaɗai yana iya cin kilomita biyar a awa guda. Ka haɗa masa dattijo mai ciwon gwiwa, da mai goyo, da wanda duk taku uku sai ya tsaya ɗaukar hoto, in ka sami rabin haka ka gode wa Allah. Sannan kowace ƙofa da layinta: na tikiti, na binciken jaka, ga masu neman ban ɗaki, ga cunkoson motoci tsakanin wannan unguwa da waccan. Ba ka rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma su ne ke cinye wunin. Ni abin da nake tsarawa shi ne manyan wurare biyu da ƙarami ɗaya. In lokaci ya yi saura, ina da na huɗu a aljihu wanda ban faɗa wa kowa ba, don in bai yiwu ba babu wanda zai ce na saɓa alkawari.

Kafin ka zaɓi wuraren ma, fara duba ranar. Manyan gidajen tarihi da yawa suna da ranar hutu, kuma ba ɗaya ba ce. A Paris, Louvre ba ya buɗewa ran Talata, shi kuwa Orsay da ke ƙetaren kogi ran Litinin yake rufe. A Istanbul fadar Topkapi tana rufe ran Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma ba ta ci ran Lahadi. Masallatan da ake ziyarta sukan tsayar da masu kallo in lokacin salla ya yi, ran Juma'a kuwa sai an sauko. Ɗan jagoran da ya kwaso mutane ya tsaya da su a gaban rufaffiyar ƙofa, duk abin da ya faɗa bayan nan ba mai sake yarda da shi.

Daga nan sai ka shimfiɗa taswira ka ga me ke kusa da me. Nan ne kuka fi yin kuskure, ku sababbin hannu, domin kuna jera wurare bisa girman sunansu. Ɗauki Alƙahira. Dalar Giza suna yamma da kogin Nilu, can bakin hamada. Ganuwar Salahuddin da masallacin Azhar suna gabas. In ka sa Giza da safe, Azhar da hantsi, ka sake tsallakawa yamma da azahar, to baƙinka sun biya kuɗi ne don su kalli bayan motoci a kan gada. Sau ɗaya ake tsallake kogi a wuni, in ya yi yawa sau biyu. Istanbul ta fi sauƙi a wannan fanni: masallacin Aya Sofiya da na Sultan Ahmad suna kallon juna, fili ɗaya ne tsakaninsu, Topkapi kuma tana bayan Aya Sofiya, duk a ƙafa ake zuwa. Amma kada kusancin ya ruɗe ka ka ce za ka haɗa da kasuwa da hasumiyar Galata da fadar Dolmabahce duk a rana ɗaya. Topkapi kaɗai tana iya cinye safiya.

Awa biyun farko su ne jarinka. Ka kashe su a wurin da ya fi dogon layi ko wanda ba shi da inuwa. Dala da sassafe ake zuwa, tun rana ba ta yi zafi ba, gidan tarihi mai rufi kuma a bar shi zuwa tsakar rana. Kuma ka gaya wa mutane gaskiyar abin da za su tarar. Babban dalan Giza ya kai mita 146 lokacin da aka gina shi, amma hanyar shiga cikinsa matsattsiya ce, a sunkuye ake hawan wani sashe, ga zafi ga ƙarancin iska, ɗakin da ake isa kuma ba komai a ciki sai akwatin dutse wanda babu kowa a cikinsa. Mai ciwon baya ko mai tsoron ƙuntataccen wuri ya ji haka tun yana waje. Haka zanen Mona Lisa da ke Louvre: tsayinsa santimita 77 ne kacal, yana bayan gilashi, jama'a sun yi dafifi a gabansa kowa ya ɗaga waya. Wanda ka shirya wa zuciya zai yi dariya ya wuce, wanda ba ka shirya wa ba kai zai ɗora wa haushin.

Sai batun magana, wanda na lura kana da shi da yawa, Allah ya ƙara ilimi. Ka haddace shekaru, ka iya jero sarakuna, amma mutumin da ke tsaye da jaka a kafaɗa ba zai riƙe fiye da labari ɗaya a kowane wuri ba. A Aya Sofiya, alal misali, ka bar su su shiga su ɗaga kai tukuna, kada ka ce uffan. In sun gama mamakin ƙubbar, sai ka ce musu an gama ginin a shekarar 537 a zamanin sarki Justiniyan, ƙubbar farko ta rufto a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ƙarin tsayi. Coci ne, ya koma masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi a shekarun 1930, ya sake komawa masallaci a 2020. Shi ke nan. Mai son ƙari zai matso ya tambaye ka, kuma shi ne ya cancanci sauran abin da ke kanka.

Da la'asar ƙafa ta mutu, ko wa ya ce maka bai gaji ba kunya ce. A nan nake sa abin da ake gani a zaune. A Istanbul jirgin ruwan da ke tashi daga tashar Eminonu ya tsallaka zuwa ɓangaren Asiya, a Alƙahira kwalekwale mai filafilai a kan Nilu, a wani birnin kuma ko benci ne a kan tudu inda ake hango gari. Sau da yawa wannan ne abin da suke ba da labarinsa in sun koma gida.

Wata 'yar magana da ba ka tambaya ba: masu shaguna za su zo maka da tayin la'ada in ka kawo musu baƙi. Ban ce haramun ba ne, amma awar da ka zaunar da mutane a shago awar su ce ka sayar, kuma suna ganewa.

Tun da safe kafin a tashi, ka ƙirga kawuna, ka sa wa kowa katin masaukinsa a aljihu da lambar wayarka, kuma duk inda aka shiga ka nuna abu ɗaya da ba ya ɓata, kamar ƙofa ko famfon tsakiyar fili, ka ce wanda ya rabu da mu ya tsaya nan kada ya motsa. Za ka sami baƙon da zai kafe sai ya ga komai. Kada ka yi musu da shi a tsakiyar titi da rana tsaka. Ka buɗe masa taswira tun a masauki, ka nuna masa awannin da ke akwai da nisan da ke tsakani, ka ce ya zaɓi wanda za a cire in ana son a ƙara nasa. In ya ga ba ya iya cire komai, ka yi masa tayin wuni na biyu.