Kafin ka tura kuɗin ɗaki a Ferencváros

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka sami gurbi a Jami'ar Corvinus, wani dillali ya turo maka hoton ɗaki a Ferencváros, gunduma ta 9 ta Budapest, babban birnin Hungary, kai kuma hankalinka duk ya tafi kan zuwa kallon Fradi, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ferencváros. Ajiye ƙwallo tukuna, mu fara da inda za ka kwana.

Ferencváros ba unguwa ɗaya ba ce. Sunan ya samo asali ne daga Sarki Ferenc da aka naɗa a 1792, ambaliyar kogin Danube ta 1838 ta rushe yawancinta, daga baya ta zama unguwar masana'antu da mayanka. Ɓangaren ciki, wajen Fővám tér inda Corvinus da babbar kasuwar 1897 suke, tsada gare shi. Can kudu bayan titin Haller utca akwai sauƙi, amma sai ka haɗa da jirgin ƙarƙashin ƙasa na M3 ko tarago. Lambar gidan waya da ta fara da 109 ba ta gaya maka komai ba sai gundumar. Nemi sunan titi.

Tallafin karatu na gwamnatin Hungary, Stipendium Hungaricum, forint 43,700 ne a wata ga mai digirin farko ko na biyu, da 40,000 na haya in ba a ba ka ɗakin makaranta ba. Wannan ba ya biyan ɗaki a nan, kada wani ya ruɗe ka. Mai gida yakan nemi ajiyar wata biyu da hayar watan farko, ban da kuɗin gini da na wuta da gas. Abin da ke kayar da mutane shi ne takardar rajistar masauki: in mai gida ya ƙi sa hannu don yana gudun haraji, hukumar baƙi ba za ta san da adireshinka ba, takardar zamanka ta shiga matsala. Tambaye shi wannan kafin ka tura ko sisi.

Ƙarancin ɗakunan nan ma siyasa ce. Filin da aka ware don gina unguwar ɗalibai a bakin kogi ne gwamnatin Orbán ta so ba Jami'ar Fudan ta Sin. A 2021 shugabar gundumar, Krisztina Baranyi, wadda ta ci zaɓe a 2019 da goyon bayan 'yan adawa, tare da magajin garin Budapest suka sake wa titunan wurin suna don nuna adawa da shirin. Ɗaya ya koma Titin Shahidan Uygur, wani na Dalai Lama. Ku ɗalibai baƙi ba ku da ƙuri'a, amma ku ke biyan hayar rigimar.

To, Fradi. An kafa ta a 1899, ta doke Juventus ta ɗauki kofin Turai na birane a 1965, Flórián Albert ya ci Ballon d'Or a 1967. Filinta Groupama Aréna, a tashar Népliget, an buɗe shi a 2014. Gábor Kubatov, jigo a Fidesz, jam'iyyar Orbán, ya karɓi shugabancinta a 2011, shi ya sa hirar ƙwallo a nan kan rikiɗe ta zama ta jam'iyya. Ka yi shiru ka saurara.

Ba a zuwa ƙofa kawai a sayi tikiti, sai ka yi katin magoya baya da fasfonka. Kada ka zauna bayan raga inda 'yan gani-kashe-ni suke. Akwai baƙaƙen fata irin su Adama Traoré na Mali da suka ci musu ƙwallaye, duk da haka UEFA ta sha hukunta ƙungiyar saboda wariyar magoya bayanta. Ranar da za su kara da Újpest, kada ka sa tufa mai ruwan shanshanbale, launin abokan gaba ke nan, kuma ka guji M3 bayan an tashi.

Juma'a kuwa, hau tarago mai lamba 4 ka haye gadar Petőfi zuwa ƙarshen layi, masallacin Fehérvári út yana kusa. Tsiran naman da ke rataye a kasuwa, jajawur da barkono, kusan duk alade ne.