Ku Tambayi Anti: Wace rawa ce wannan ta mutanen Sin?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, 'yarki ce daga Garwa. Jiya na ga wani bidiyo a Facebook, wasu mutanen Sin na rawa da daddare a gefen wuta, mazan sun rataya wata ƙatuwar garaya suna kaɗawa suna tsalle, matan kuma na ta tafi. An rubuta wai 'yan ƙabilar Yi ne. Dan Allah su waye, kuma me yasa suke ɗaga ƙafa kamar sun taka garwashi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Kin ga mu nan in aka ce Sin sai mu tuna madatsar ruwan Lagdo da suka gina da kayan kasuwa, muna ɗaukan su duk abu ɗaya ne, alhali ƙabilu 56 ne a ƙasar. Yi na cikinsu, a ƙidayar 2020 sun kusa miliyan 10, yawanci manoma ne a duwatsun lardunan Yunnan, Sichuan da Guizhou, da yarensu da rubutunsu na kansu.

Yadda kika siffanta, rawar mutanen Axi ce, wani reshe na Yi a yankin Mile cikin Yunnan, ana ce mata rawar wata don a farin wata samari da 'yan mata ke fita yinta, nan ma ake ganin juna har a kai ga aure. Garayar nan kuma sanxian ce babba, tsirkiya uku gareta, cikinta kamar ganga an rufe da fata, namiji zai rataya ta a kafaɗa yana kaɗawa yana juyi duk nauyinta. Ki sake kallon bidiyon ki ƙirga, bugu biyar ne ba huɗu ba, taku uku sai tafi biyu tare da shura ƙafa, shi yasa kunnenmu ke jin kamar kiɗan ya yi tuntuɓe.

Maganar garwashi kuwa kin canka, a labarin da suke bayarwa wai kakanninsu ne suka taka ƙasa mai zafi bayan wutar daji, suna ɗaga wannan ƙafa suna sauke waccan, daga nan takun ya samo asali. Wutar da kika gani wataƙila ta bikin tocila ce, wato na kunna sandunan wuta, da sukeyi ranar 24 ga wata na 6 a kalandar wata ta Sin, bikin yana da tushe a addininsu na gargajiya, amma ita rawar ta murna ce da haɗuwar matasa, a 2008 ma gwamnatinsu ta saka ta cikin al'adun da ake karewa.

Wallahi ni duk sanda na kalle ta gaɗa nake tunawa, muna yara in wata ya fito sai mu cika dandali muna tafi muna faɗawa hannun ƙawaye su cafe mu, har sai Inna ta leƙo ta kira sunana sau uku. Rabon da in ji tafin gaɗa a unguwarmu an fi shekara goma, kuma abin na damuna. In kakarki na kusa ki nuna mata bidiyon, sannan ki roƙe ta ta rera miki waƙar gaɗa ko ɗaya ce ki ɗauka a waya.