Amsa ga mai son kai yarinya kallon kifin manta da dare a Hawayi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa za ku je Hawayi hutun makaranta, ɗiyarki mai shekara takwas ta kafe sai an kai ta shiga teku da dare kallon kifin manta, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya, kina tsoron kada kifin ya ji mata ciwo ko kuma ta yi ƙanƙanta da wannan abu. Mun kai namu a Kona, gaɓar yammacin babban tsibirin Hawayi, babban yana da shekara tara a lokacin, ƙanwarsa tana da shida, kuma kowannensu da yadda ta kaya masa.

Ki cire kifin daga cikin abubuwan da za su hana ki barci. Mutane suna haɗa shi da ɗan'uwansa mai ƙaya a wutsiya, irin wanda ya soki Steve Irwin, mai shirin namun daji a talabijin, ya mutu a Ostareliya a 2006, dangin kunamar ruwan da masunta suka sani a kogin Binuwai. Manta yana da wutsiya amma babu ƙaya a jikinta, babu dafi, 'yan haƙoran da yake da su kuwa ba ya cizo da su. Abincinsa filanktan, wato 'yan mitsi-mitsin halittun da ke yawo a cikin ruwa, waɗanda yake tacewa da bakinsa a buɗe. Girmansa ne kawai ke razana mutum, domin manyan da ke Kona sukan kai mita 3 zuwa 4 daga wannan fiffike zuwa wancan. Abin da zai iya ɓata wa yarinyarki daren shi ne sanyi, duhu, jirin jirgi, da numfashi ta bututu alhali fuskarta tana cikin ruwa. A kan waɗannan ya kamata ki yi shiri.

Yadda abin ya samo asali shi ma zai taimaka miki wajen yi mata bayani. A shekarun 1970 wani otal mai suna Kona Surf, da ke bakin gaɓar Keauhou a yankin Kona, ya riƙa haska manyan fitilu cikin teku don baƙinsa su ga ruwa da dare. Filanktan suna bin haske kamar yadda shinge ke taruwa a gindin fitila bayan an ɗauke ruwan sama, manta kuma suka gane cewa inda haske yake nan abinci yake. Da otal ɗin ya rufe aka kashe fitilu, sai aka same su suna taruwa a wani wuri kusa da filin jirgin sama na Kona, wanda ake kira Garden Eel Cove. Daga baya otal ɗin ya sake buɗewa, yanzu duka wuraren biyu ana zuwa. Babu wanda ke ba su abinci, babu keji, babu raga. Su ne ke zuwa don kansu, wani dare da yawa, wani dare ɗaya tak, wani dare ma ko ɗaya.

Idan jirgi ya tsaya, sai a saki wani faffaɗan allo mai yawo a kan ruwa, an jera masa fitilu a ƙasa suna haska ciki, gefensa duka da mariƙi. Kowa ya kama mariƙi da hannu biyu ya kwanta rub da ciki. Sai ma'aikaci ya sa miki dogon soso mai yawo a ƙarƙashin idon sawu don ƙafafunki su tsaya a sama, kada su yi ƙasa su doki kifin. Shi ke nan aikin. Ba iyo ake yi ba, kwanciya ake yi ana kallo na kusan minti 30 zuwa 45. Zurfin wurin ya kai wajen mita 10, kuma a wasu wuraren za ki hango masu nutso da tukunyar iska a zaune a ƙasa, su ma da fitilunsu suna haskowa sama.

Ɗana ya yi ta cika baki tun daga gida, amma da aka ce ya sauka daga tsanin jirgi sai ya tsaya cak. Bayan da'irar hasken nan ruwan baƙi ƙirin yake, ba ka ganin komai. Babansa ya riga ya shiga, ya miƙo masa hannu, da ƙyar ya saki tsanin. Ruwan farko da ya ratsa ta wuyan rigar roba, wadda ake sawa don riƙe ɗumi a cikin ruwa, ya gangara bayansa ya sa ya yi wata 'yar ƙara, ya fara haki da sauri-sauri. Ma'aikaciyar da ke riƙe da allonmu ta ce kada ya sa fuska tukuna, ya ɗora haɓarsa a kan allo ya ja numfashi a hankali har ya natsu. Haka aka yi. Da ya tsoma fuska, abin da ya fara gani ƙurar filanktan ce tana walwali cikin hasken, da ƙananan kifaye suna wawaso. Mun ɗan jima a haka har ya fara ɗago kai yana tambayata, "Mama, ina suke?"

Sai ga ɗaya ta taso daga ƙasa. Da farko inuwa ce kawai, sannan ta miƙo tana kaɗa fikafikai a hankali, bakinta a wangame, 'yan fikafikan nan biyu na gefen kai a buɗe suna tura ruwa ciki. Kina iya leƙa cikin bakin ki ga layukan matatarta har can ciki, fari fat, babu komai. Ta nufo mu kai tsaye, har na ce yau sai ta haɗiye yaron nan, sai a dab da allo ta kifa da baya, farin cikinta mai ɗigo-ɗigon baƙi ya wuce ƙasan fuskokinmu bai fi taƙi ɗaya ba, ta yi alkafura ta koma ƙasa ta sake tasowa. Ɗana ya ƙwalla ihu ta cikin bututu. Ni na zaci tsoro ne, ashe dariya yake. Matsalar dariyar ita ce da kumatu sun motsa sai gilashin fuska ya saki, ruwa ya shiga hanci. Ya ɗago yana tari, idanu jajur saboda gishiri, aka zubar masa da ruwan, bai ko jira an gama gyara igiyar ba ya koma. Ki gaya wa taki wannan tun yanzu: ruwa zai shiga, ba wani abu ba ne, ta ɗago kai, hannu ɗaya yana kan mariƙi, ta ɗaga ƙasan gilashin ruwan ya zube.

Wajen minti 25 da shiga leɓensa ya fara canja launi, haƙora suna kaɗawa. Ruwan Kona ba ƙanƙara ba ne, yana tsakanin digiri 24 da 27 gwargwadon lokacin shekara, amma mutum a kwance yake ba ya motsi, ga dare, yaro siriri kuma ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Ya ce ba zai fita ba. Ni na fitar da shi, yana ƙunƙuni.

Ƙanwarsa kuwa ta sa riga, ta sa gilashi, ta zo bakin tsani ta leƙa, ta ce a'a. Ba mu matsa mata ba, kuma ina roƙonki kada ki matsa wa taki ko da kuɗin sun yi miki ciwo. Yaron da aka tura cikin baƙin ruwa yana kuka zai iya tsanar teku har girmansa, kuma a firgice zai saki mariƙi ya maƙale wuyan wanda ke kusa. Ta zauna a jirgi a naɗe da tawul, kuma daga sama ma ana ganin farin cikin kifin idan ya juyo cikin haske. Saboda haka ku kasance manya biyu idan da hali, ɗaya zai iya komawa jirgi da yaro, ɗayan ya zauna a ruwa. Ki kuma tambayi kamfanin ko suna da kujerar mai rakiya wanda ba zai shiga ruwa ba, da yawa suna da ita a farashi mai sauƙi.

Ni a ganina shekaru ba su ne ma'auni ba, ko da yake kowane kamfani da iyakar shekarun da ya gindaya, sai ki duba kafin ki biya. Ma'aunin shi ne ko yarinyar ta saba numfashi ta baki kawai, fuska a cikin ruwa, na tsawon mintuna ba tare da ta firgita ba. Wannan ba a koyonsa a tsakiyar teku da dare. Ki saya mata gilashi da bututu daidai fuskarta tun a gida. Gwajinsa shi ne ta ɗora gilashin a fuska ba tare da igiya ba, ta ɗan ja iska ta hanci, idan ya manne bai faɗo ba ya yi. Na kamfani sau da yawa ya yi wa yara girma. Idan tana da kitso mai tudu ko gashi ya shiga ƙarƙashin robar, zai yoyo, don haka a yi mata shuku ko a kwantar da shi baya sosai. Ta yi ta gwaji a wurin iyo na unguwarku. In kun isa Kona, ku je Kahalu'u da rana, bakin ruwa ne mara zurfi kusa da Keauhou, akwai masu ceto, ga kifaye kala-kala har da kunkurun teku. Idan ta yi minti goma a can tana kallo ba ta ɗago a tsorace ba, ta shirya. Gilashin nan mai rufe fuska gaba ɗaya kuwa ki bar shi a shago, kamfanoni da dama ba sa yarda da shi.

Maganar jiri, ki zaɓi wuri da kyau. Jiragen da ke tashi daga cikin Keauhou 'yan mintuna ne su isa, waɗanda ke tashi daga tashar Honokohau zuwa wajen filin jirgi sun fi nisa. Ga yaro ni na fi son gajeren. Kuma ki sani jiri ba a jirgi kawai yake kama mutum ba, allon ma yana lilo da igiyar ruwa, na ga babban mutum yana amai a gefenmu. Abinci kaɗan mara maiƙo kafin a fita, maganin jiri kuma ki tambayi likitanta wanda ya dace da shekarunta. Ki nemi rigar roba mai dogon hannu da ƙafa, wadda ta kama jiki, don mai yalwa ruwa ne zai yi ta shiga yana fita. Ki tafi da tawul babba, rigar sanyi mai hula, da shayi a fulas, ko da yake yawancin jirage suna ba da koko mai zafi a hanyar dawowa.

Abu guda da za a nanata muku shi ne ba a taɓa su. Jikinsu yana da wani yauƙi da ke kare su daga cuta, hannun mutum yana goge shi. Yaro kuwa da ya ga abu a gaban hancinsa sai ya miƙa hannu, shi ya sa na ce wa nawa duk wanda ya saki mariƙi don taɓawa ya koma jirgi. Idan kifin ne ya goge ku da fiffike, wannan shi ya so. Tun 2009 dokar jihar Hawayi ta hana kashe su ko kama su, kuma suna da dalili, domin macen tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta yi shekaru kafin ta sake. Ɗigon cikin kowanne daban yake da na wani, da shi masu bincike ke gane su har suka raɗa musu sunaye. An yi wadda ake kira Lefty, da aka fara saninta a gaɓar a 1979, akwai kuma Big Bertha. Ma'aikatan jirgi suna kiran sunan kowace da ta wuce, kuma wannan ya fi komai burge ɗana, har ya riƙa zana ɗigon a takarda bayan mun koma masauki.

Ke kanki, sutura ba matsala ba ce. Na sa kayan iyona masu rufe jiki da ƙaramin hijabi mai kama kai, na ɗora rigar roba a sama, ba wanda ya ko kalle ni. Sai dai ki sa su tun daga masauki, ƙananan jiragen ba su da wurin canja kaya. Fitar farko tana kamawa daidai faɗuwar rana, magariba za ta same ku a ruwa, mu da yake matafiya ne mun haɗa ta da isha'i da muka dawo. Ita ce kuma ta fi dacewa da yara, don ana fita da sauran haske, duhun yana zuwa a hankali, fita ta biyu kuwa cikin duhu ake tashi ga barci ya fara kama su. Surukata ba mu gaya mata ba sai da muka dawo, don da ta ji an ce ruwa da dare da jikokinta, da an sha faɗa a waya. Da ta ga bidiyon salati kawai ta yi ta yi.

Kuɗin yakan haura dala 100 ga mutum ɗaya. Kada ki sa shi a daren da kuka sauka, jiki a gajiye bayan doguwar tafiyar jirgin sama, kuma kada ki bar shi sai daren ƙarshe. Ki sa shi a tsakiya, domin kamfanoni da yawa suna ba da damar sake fita kyauta idan ba a ga manta ba, sannan daga Janairu zuwa Maris igiyar ruwa takan yi ƙarfi a soke fita. Idan kuma kin gwada ta a Kahalu'u kin ga ba ta shirya ba, otal ɗin Keauhou ɗin nan, wanda yanzu kamfanin Outrigger ke gudanarwa, har yau yana haska ruwa, ana iya hango su daga kan tudu ƙafa a bushe, haka ma a otal ɗin Mauna Kea da ke arewa. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe min da yarinyar.