Gyaɗar ƙamshi: ta tukunya daban, ta shuka daban

Tambaya: Ina da gyaɗar ƙamshi ƙwaya-ƙwaya a kicin. In na binne biyu a bayan gida za su tsiro, ko dashe zan saya?

Amsa: Malam, bar su a kicin. Wadda ake sayarwa an shanya ta mako 6 zuwa 8, har ƙwayar ta riƙa kaɗawa cikin ɓawo, sannan aka fasa. Irin ya riga ya mutu. Sai sabon ɗauka, da ɓawonsa, shi ke tsirowa.

Ko ka samu sabon ma, caca ce. Itacen akwai namiji akwai mace, kuma ba a bambance su sai sun yi fure, bayan shekara 6 ko fiye. Sai ka yi ta wahalar ban ruwa, ƙarshe ka tarar namiji ka raina, ba ɗa ko ɗaya. Shi ya sa nake cewa ka sayi dashe mai aure, wato wanda aka ɗauko reshe daga mace mai yawan 'ya'ya aka haɗa a jikin wani ƙaramin tsiro. Ya fi tsada, amma ya fi saurin haihuwa. Macen ma tana buƙatar namiji a kusa kafin ta yi 'ya'ya, amma namiji guda ya wadaci mata wajen 10.

Kafin ka fitar da kuɗi, dubi yanayin wurinka. Asalin itacen tsibiran Banda ne a Indunusiya, inda ake zafi da laima kusan duk shekara. Yana son ruwan sama aƙalla milimita 1,500 a shekara, da inuwa yana ƙarami. Dogon rani na kashe shi, haka ma ƙasa mai riƙe ruwa. Saiwarsa ba ta nisa, shi ya sa guguwar Ivan ta kwantar da yawancin itatuwan gyaɗar ƙamshi na tsibirin Girenada, a yankin Karebiyan, a 2004.

Tambaya: Gari zan saya ko ƙwaya?

Amsa: Ƙwaya, Hajiya. Ƙamshin yana cikin man da ke jikinta ne, da an niƙa sai ya fara gudu, ga shi gari ya fi sauƙin algus. Zaɓi mai nauyi a hannu, marar hujin ƙwari, ki goga daidai buƙata sa'ad da girki ya kusa sauka. A rufaffen kwalba takan shekara da shekaru.

Kada a cika hannu. Ɗan barbaɗe ya isa tukunya, amma cin cokalin shayi 2 a lokaci ɗaya na kawo jiri, tashin zuciya da bugun ƙirji. A ajiye ta nesa da yara.